Tarihin Dashen Ƙashi a Muƙamuƙi: Yadda Likitoci Suka Koyi Gyara Filin da Haƙori Zai Tsaya

Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsohon da haƙoransa suka zube ya ga abin da rashinsu ke yi wa fuska. Kunci ya faɗa, leɓɓa sun shige ciki, haɓa ta matso kusa da hanci. Jama'a kan ɗora wannan a kan tsufa kawai, alhali mafi yawansa aikin ƙashi ne. Gefen muƙamuƙin da saiwar haƙori ke zaune a ciki bai da wani amfani ga jiki in ban da riƙe haƙori, saboda haka da zarar haƙorin ya fita sai jiki ya fara kwashe ƙashin, kamar yadda ake kwashe tubalin ɗakin da ba mai kwana cikinsa. Likitan nan na Balin, Julius Wolff, shi ya tsara wannan ƙa'ida a 1892: ƙashi na ginuwa gwargwadon nauyin da yake ɗauka, yana kuma zaizayewa in nauyin ya gushe.

Daga baya an auna girman wannan asara. Antje Tallgren ta bi masu haƙoran roba har tsawon shekara 25, a 1972 ta nuna cewa muƙamuƙin ƙasa na raguwa kusan ninki huɗu na abin da na sama ke yi. A 2003 Lars Schropp da abokan aikinsa a Denmak suka tarar cewa gurbin turmin da aka cire kan rasa kusan rabin faɗinsa cikin wata 12, kuma kashi biyu cikin uku na wannan asara na aukuwa ne cikin wata 3 na farko. To, haƙorin dashe na zamani ƙusa ce mai murɗi, wadda kaurinta kan kai milimita 4, tsawonta kuma milimita 10 ko kusa da haka, kuma dole ƙashi ya kewaye ta ta kowane gefe. A ƙasa akwai jijiyar da ke ba leɓe ji, a sama akwai kogon iska na cikin kunci. In ƙashin da ya rage bai isa ba, ko dai a ƙara shi, ko a haƙura da dashen. Tarihin yadda aka koyi ƙara shi ya girmi ƙusar kanta da ƙarnuka.

Burin mayar da haƙori daɗaɗɗe ne. A 1931 Wilson Popenoe da matarsa suka tono wani muƙamuƙi a kwarin kogin Ulua na ƙasar Honduras, na mutanen Maya, wanda aka ƙiyasta zamaninsa da wajen shekara ta 600 Miladiyya. An cusa gutsattsarin ɓawon ƙumba guda uku a gurbin haƙoran gaba. An daɗe ana zaton ado ne da aka yi wa gawa, sai a 1970 Amadeo Bobbio na Burazil ya ɗauki hoton ƙashin ya ga sabon ƙashi ya tsiro kewaye da biyu daga cikinsu, abin da ba ya faruwa sai ga mai rai. A duniyar Musulunci kuma, Abul Ƙasim az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana cikin littafinsa at-Tasrif yadda ake ɗaure haƙoran da ke girgiɗi da wayar zinariya, da yadda ake sassaƙa haƙori daga ƙashin sa a maye gurbin wanda ya faɗi. Waɗannan duka sun shafi haƙorin ne. Ba wanda ya isa ya taɓa filin da yake tsaye a kai.

Labarin dashen ƙashi mafi tsufa da littattafan Turai ke ambata ya fito ne cikin littafin Job van Meekeren, likitan fiɗa na Amsterdam, wanda aka buga a 1668 bayan rasuwarsa. Bai yi aikin da hannunsa ba, ruwaitowa ya yi. An sari wani mayaƙi a Rasha a ka, aka toshe ramin da guntun ƙoƙon kan kare, ya warke. Da coci ya ji, sai ya kore shi daga jama'ar masu ibada saboda yana ɗauke da ƙashin dabba. Mutumin ya nemi a cire, aka tarar ƙashin ya riga ya haɗe da nasa. Mai karatu na da damar ya yi shakkar wannan labari, ni ma ina yi. Amma akwai abin lura a cikinsa: tun daga hikayar farko, tambayar likita da tambayar malamin addini tare suka taso, kuma har yau ba su rabu ba.

Aikin ilimi na gaske ya fara ne a ƙarni na 19. Wajen 1820 Philipp von Walther a Jamus ya mayar da guntun ƙoƙon kan da ya yanke wa majiyyaci a gurbinsa, ya kuwa kama. Louis Léopold Ollier na birnin Liyon ya shafe shekaru yana gwaji a kan zomaye da wasu dabbobi, a 1867 ya fitar da babban littafinsa kan yadda ƙashi ke sabunta kansa. Shi ya nuna muhimmancin siririn tantanin da ke lulluɓe da ƙashi, shi ne kuma ya bambanta ƙashin da aka ɗebo daga jikin majiyyaci, da na wani mutum, da na dabba. Wannan rabe-rabe nasa shi ake bi har gobe. A Gilasgo ta Sikotilan, William Macewen ya sami wani yaro da ruɓar ƙashi ta cinye masa mafi yawan ƙashin dantse. Iyayen sun so a yanke hannun. Macewen ya tattara gutsattsarin da yake yankowa daga ƙwaurin yaran da yake miƙe wa ƙafafu masu baka, ya jera su cikin dantsen a aiki daki-daki, ya ba da rahoto a 1881. Yaron ya girma da hannunsa yana aiki da shi.

Daga nan gardama ta kaure, kuma ita ce zuciyar wannan fanni. Shin ƙashin da aka dasa rayuwa yake ci gaba da yi a sabon wurinsa, kamar reshen mangwaron da aka aura wa wata bishiya? Ollier ya ce eh, muddin tantaninsa na tare da shi. Arthur Barth ya duba ta madubin likita a 1893 ya ce a'a, mutuwa yake yi, sai jijiyoyin jinin mai masauki su kutsa cikinsa, su riƙa rushe tsoho suna aza sabo sannu a hankali har ya ƙare. Georg Axhausen a farkon ƙarni na 20 ya nuna kowannensu na da rabon gaskiya: mafi yawan ƙwayoyin halittar cikin guntun na mutuwa, amma na kusa da fuskarsa na tsira su taimaka. Dallas Phemister na Amurka ya yaɗa wannan fahimta a 1914. Abin da aka fitar shi ne, ƙashin dashe ya fi kama da tsaikon ɗaki fiye da reshen bishiya. Ana kafa shi ne don a yi baibaya a kansa, daga bisani shi kansa a sauya shi sanda bayan sanda ba tare da ɗakin ya rushe ba.

Wanda ya gane wannan ya gane dalilin zaɓuɓɓukan yau gaba ɗaya. Abin da ake dasawa na iya kawo abu uku: magina, wato rayayyun ƙwayoyin da ke ƙera ƙashi, ko mai kiran magina, wato sinadaran da ke sa ƙwayoyin jiki su rikiɗa su zama masu ƙera ƙashi, ko kuwa tsaiko kawai. Ƙashin majiyyaci da kansa ne kaɗai ke zuwa da ukun a haɗe.

Muƙamuƙi ya shigo labarin sosai ne ta dalilin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sojan da ke cikin rami jikinsa a ɓoye yake, kansa ne ke leƙowa, don haka harsashi da ɓaraguzan bam suka riƙa kwashe haɓa da kunci fiye da duk wani yaƙin da ya gabata. A Ingila, Harold Gillies ya sa aka buɗe asibitin fuska a Sidcup a 1917, yana aiki tare da likitan haƙori William Kelsey Fry. A Faransa, Varaztad Kazanjian, Ba'armene ɗan gudun hijira da ya koyi aikin haƙori a Harvard, ya yi suna wajen ɗaure karyayyun muƙamuƙai. A ɓangaren Jamus, asibitin muƙamuƙi na Düsseldorf ya yi amfani da ƙashin ƙugu, ƙarƙashin August Lindemann. An gwada haƙarƙari, an gwada ƙwauri, an gwada ƙugu. An kuma koyi darussa biyu da tsada: dashe ba ya kamawa a wurin da ke ruɓa, kuma ba ya kamawa in yana motsi. Maɗoran ƙasar Hausa, da karan ɗorinsu, sun san darasi na biyu tun kaka da kakanni. A Yaƙi na Biyu, Rainsford Mowlem ya nuna a 1944 cewa ƙananan gutsattsarin ƙashi mai soso daga cikin ƙugu sun fi dunƙulallen guntu saurin kamawa, domin jini ya fi samun hanyar shiga cikinsu.

Sai dai duk wannan gyaran fuska ne. Soja ya sami haɓa, amma abin da za a aza a kanta haƙoran roba ne, waɗanda ke danna ƙashin daga sama su ƙara hanzarta zaizayarsa. Sau da yawa ƙashin da aka sha wahalar dasawa kan narke cikin 'yan shekaru.

Abin da ya sauya lissafi ya faru ne a Suwidin, kuma ba a kan haƙori aka fara ba. A 1952 Per-Ingvar Brånemark yana nazarin gudanar jini a ɓargon zomo a jami'ar Lund. Ya dasa wata 'yar na'urar leƙe ta ƙarfen taitaniyom a ƙafar zomo, da ya zo cirewa bayan watanni sai ta ƙi fita, ƙashi ya manne da ƙarfen ba tare da tsoka ko tabo a tsakani ba. Ya bi wannan sawu fiye da shekara 10 kafin ya taɓa ɗan Adam. A 1965 a Gotenbag ya dasa ƙusoshi huɗu a muƙamuƙin ƙasa na Gösta Larsson, wanda ya rayu da su har rasuwarsa a 2006. Likitocin haƙori sun daɗe suna ƙin yarda, ganin cewa shi ba ɗan sana'arsu ba ne, kuma dashe-dashen da suka gabata sun bar mummunan suna. Taron da George Zarb ya shirya a Toronto a 1982 ne ya buɗe ƙofa.

Daga wannan lokaci tambaya ta juya. A da ana dasa ƙashi ne don ceton wanda ya rasa rabin fuska. Yanzu ga miliyoyin mutane masu lafiya waɗanda milimita 3 ko 4 kaɗai suka rasa, kuma ba mai hankalin da zai yarda a fasa masa ƙugu, ya yi makonni yana ɗingishi, saboda turmi ɗaya. Mafi yawan abin da aka ƙirƙira daga 1980 zuwa yau ƙoƙari ne na guje wa wannan rauni na biyu.

Mataki na farko shi ne a rage nisa. Maimakon ƙugu, sai a yanko ɗan guntu daga haɓa ko daga bayan muƙamuƙi kusa da turmin ƙarshe, a ɗaure shi da ƙananan ƙusoshi a inda ake bukata, a jira wata 4 zuwa 6. Har yanzu ƙashin majiyyaci shi ne ma'aunin da ake gwada saura da shi. Aibinsa ƙarancinsa, da kuma cewa wanda aka ɗebo daga haɓa kan bar mutuwar ji a leɓe ko haƙoran gaba na wani lokaci.

Na biyu, ƙashin mamaci. Rundunar ruwan Amurka ta kafa ma'ajiyar sassan jiki a Bethesda a 1949 ƙarƙashin George Hyatt, inda aka inganta busar da ƙashi cikin sanyi don ya daɗe a ajiye. A nan ne aikin Marshall Urist ke da daraja. A 1965 ya jiƙa ƙashi cikin ruwan asid har alli ya narke, ya cusa abin da ya rage cikin tsokar dabba, sai ga sabon ƙashi ya tsiro a wurin da ƙashi ba shi da gurbi. Ashe akwai mai kiran magina a ɓoye cikin mataccen ƙashi. An gano ƙwayoyin gadon waɗannan furotin a 1988, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da ɗaya daga cikinsu don aikin muƙamuƙi a 2007. An yi zaton shi zai kawo ƙarshen dashe baki ɗaya. Tsadarsa da kumburin da yake jawowa sun hana hakan.

Na uku, ƙashin dabba, wato komawa ga hikayar van Meekeren ta hanyar da ta fi tsabta. Daga tsakiyar shekarun 1980 kamfanin Geistlich na Suwizalan ya fitar da Bio-Oss, ƙashin saniya da aka ƙone aka wanke da sinadarai har ba abin da ya saura sai ma'adinin. Tsaiko ne zalla, kuma jiki na jinkirin rushe shi ƙwarai, ana iya ganin ƙwayoyinsa bayan shekaru. Wasu na ɗaukar wannan aibi, wasu na ganin shi ne amfaninsa tunda yana riƙe faɗin wurin. Ɓarkewar ciwon haukar shanu a Birtaniya ta sa an ƙara tsananta sa ido kan inda ake samo shi. Na huɗu kuwa abin da aka haɗa a ɗakin gwaji, wanda shi ma ba sabo ba ne: Dreesmann ya cika ramukan ƙashi da farar filasta a Jamus tun 1892, Fred Albee ya gwada gishirin alli da fosfet a 1920, Larry Hench ya ƙera gilashin da ke mannewa da ƙashi a 1969.

Kayan dashe ɗaya ne, dabarar sa su wani abu ne daban, kuma a ganina a nan aka fi samun ci gaba. Matsalar ita ce dadashi ya fi ƙashi saurin tsiro nesa ba kusa ba. In aka bar rami, tsoka za ta riga ƙashi cika shi, kamar yadda ciyawa ke riga gero in ba a yi noma ba. Sture Nyman, Jan Lindhe da Thorkild Karring suka nuna a 1982 cewa in aka shimfiɗa tantani ya tare tsokar, abin da ke ƙarƙashi na samun sararin farfaɗowa. Christer Dahlin ya tabbatar da haka ga ƙashi a muƙamuƙin ɓeraye a 1988. Tantanin farko na roba ne, irin Gore-Tex, sai an sake buɗe baki a cire. Na yanzu mafi yawansu na narkewa da kansu. Daga wannan ne aka sami al'adar cika gurbin haƙori tun ranar da aka cire shi, don a rage asarar da Schropp ya auna.

Muƙamuƙin sama na da tasa matsala. Kogon iskan kunci, wanda Nathaniel Highmore ya siffanta a 1651, na faɗaɗa zuwa ƙasa bayan turame sun fita, har wani lokaci abin da ke tsakaninsa da baki bai fi kaurin ɓawon gyaɗa ba. Hilt Tatum a Amurka ya fara buɗe 'yar taga a gefen ƙashin a tsakiyar shekarun 1970, ya ɗaga tantanin kogon a hankali, ya zuba dashe a ƙarƙashi. Philip Boyne da Robert James ne suka fara bugawa a 1980. A 1994 Robert Summers ya nuna yadda za a tura ƙasan kogon sama ta cikin ramin ƙusar kanta in abin da ake nema kaɗan ne. Akwai kuma dabarar Gavriil Ilizarov na Kurgan a Sibiriya, wanda ya gano cewa in aka yanke ƙashi aka riƙa raba gefunan milimita 1 kowace rana, sabon ƙashi na cika tsakani. Joseph McCarthy ya kawo ta muƙamuƙi a 1992, Chin da Toth suka yi amfani da ita a gefen da ke riƙe haƙori a 1996.

Inda asarar ta yi girma ƙwarai, tsaiko ba ya wadatarwa, domin jini ba zai iya kutsawa cikin dogon guntu kafin ya ruɓe ba. Ian Taylor na Melbon ya ɗauke siririn ƙashin ƙwauri tare da jijiyoyin jininsa a 1975, ya ɗinke su da na sabon wuri ƙarƙashin madubi. David Hidalgo a New York ya lanƙwasa shi ya zama muƙamuƙi a 1989. Wannan kam reshen bishiya ne na gaske, abin da Ollier ya yi mafarki. A ɗaya gefen kuma wasu sun ce a bar dashen gaba ɗaya: a yi amfani da gajerun ƙusoshi, ko dogaye da ke kamawa a ƙashin kunci kamar yadda Brånemark ya tsara, ko a karkata huɗu su ɗauki baki duka, tsarin da Paulo Maló na Lisbon ya buga a 2003. Ba laifi majiyyacin da aka ce sai an ƙara masa ƙashi ya tambaya ko ɗaya daga waɗannan zai yi masa. Taba sigari da ciwon sukarin da ba a kula da shi ba na ɓata kowace daga cikin hanyoyin.

Batun addini bai kamata a bar shi a baya ba, tunda da shi labarin ya fara. Malaman fiƙihu na da sun tattauna hukuncin wanda aka ɗora masa karaya da ƙashi mai najasa, da ko sallarsa ta inganta, kuma hadisin Arfaja, wanda aka yi wa izinin sa hancin zinariya bayan na azurfa ya yi wari, shi ake kafa hujja da shi kan gyaran jiki da ƙarfe. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1988 ta halatta ɗaukar sashe daga jikin mutum zuwa wani wuri a jikinsa, ta kuma halatta na mamaci da sharaɗin izini. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tantanin da ke narkewa sau da yawa daga alade ake yin sa, wasu ƙasusuwan dashen ma haka. Akwai na saniya, akwai na ɗakin gwaji. Likitan da bai faɗa ba ya tauye majiyyaci, majiyyacin da bai tambaya ba ya tauye kansa.

A yankinmu na Sahel, wanda ya fi bukatar wannan ilimi ba mai neman turmi ɗaya ba ne. Cutar noma, wadda wasu ke kira ciwon iska, na farawa ne daga dadashin yaro mai tamowa, galibi ɗan shekara 2 zuwa 6, cikin kwanaki ta ci kunci da ƙashi, wanda ya tsira kuma sau da yawa muƙamuƙinsa kan ƙage har ba ya iya buɗe baki. Gidauniyar Sentinelles ta Suwizalan na kula da irin waɗannan yara a Damagaram tun farkon shekarun 1990, an buɗe asibitin noma na Sakkwato a 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Ga kuma kumburin muƙamuƙi da ake kira amelobilastoma, wanda majiyyata kan zo da shi asibiti bayan ya girma har sai an yanke rabin haɓa. A asibitocin koyarwa na Afirka ta Yamma, abin da aka fi cike wannan gurbi da shi har yanzu haƙarƙari ne da ƙashin ƙugu, wato hanyoyin da aka gyara a Sidcup da Düsseldorf fiye da shekara 100 da suka wuce, domin aikin ɗinkin jijiyoyi na bukatar madubi, da sa'o'i masu yawa a ɗakin fiɗa, da ƙwararrun da ba su da yawa. Kaɗan ne daga waɗannan majiyyata ke kaiwa ga mataki na gaba, na ƙusar taitaniyom da haƙori a kanta, saboda kuɗin ƙusa ɗaya kan wuce abin da iyali da yawa ke samu cikin watanni.